Rawaya a Kafaɗar Babayo

Shekara talatin ina wanki da guga a Wunti.
Na san tabon manja, na san na goro,
na san jan-bakin da ke kwana a wuyan riga
wanda uwargida ba ta shafa irinsa.
Ban taɓa faɗa ba.
Mai wanki, bakinsa a cikin bokiti yake.

Ran Asabar Babayo ya ja ni hanyar Dass,
wai in zo in ga yaƙin da ba a jana'iza.
Fili ne a bayan wani gidan bulo,
an jibge tsofaffin tayoyi da durom da buhunan yashi,
an kewaye da raga kamar ta masuntan Gubi.
Dubu huɗu ya biya, kuɗin gugar kaftani ashirin,
aka miƙa masa bindiga mai aman fenti
da murfin fuska da ya mai da shi kamar fara.

Doka ɗaya ce, in ji yaron ƙofa:
in fenti ya fashe a jikinka ka mutu,
ka ɗaga hannu, ka fita ka sha ruwa.
Na ce kai, wannan mutuwa da arha take.

Habila ne alƙalin wasa, siriri, usur a baki,
ido biyu gare shi, 'yan wasa goma sha huɗu.
Yana can gabas yana raba gardama
sa'ad da rawaya ta fashe a kafaɗar ɗana.
Tas! Kamar ƙwai ya suɓuce daga faranti.
Babayo ya duƙa bayan taya,
ya waiga dama, ya waiga hagu,
bai waigo raga ba, inda ubansa ke tsaye.
Ya goga kafaɗa a jikin buhu har sau uku,
ya ɗebi ƙasa ya murza,
irin murzar da na koya masa da hannuna
yana ɗan shekara tara, a bakin famfo.
Sai gawa ta miƙe ta ci gaba da harbi.

Wani mai jar hula ya ce, a kira Habila!
Na kusa da shi ya ce, kai wane ne?
Ɗan kallo ihu ya zo yi, ba shari'a ba.
In duk na bayan raga ya zama alƙali,
usur ɗin nan sai a ba akuya ta rataya.
Mai hula ya ce, to idon nan nawa ado ne?
Suka juyo gare ni don na fi su furfura:
Baba, kai ma ka gani ko?

Na gani.
Harshena ya yi nauyi kamar bargo a cikin ruwa.

Yarinyar da ta harbe shi, Laraba aka ce sunanta,
ta leƙo tana murna, tana zaton hanya ta buɗe.
Mataccen ya same ta a gwiwa.
Ba wanda ya gani sai mu.
Ta dubi tabon, ta ɗaga hannu sama,
ta fito tana ɗingishi, tana dariya.
Dariyar nan ce ta hana ni cin tuwon dare.

Su Babayo suka ci wasa. An ɗauki hoto.

Da magariba ya ajiye mini singiletinsa a kwando,
rawayar ta ratsa, ta zauna daidai kafaɗa.
Minti biyu ya ishe ni in fitar da ita.
Na hura gawayi, dutsen guga ya yi ja,
na danna a kan tabon har ya kama zare,
na ninke, na ɗora masa a kan filo.

Har yau bai tambaye ni ba.
Ni ma ban san ko Habila ya kamata in kira ba,
ko sunan ɗana, da ƙarfi, ta cikin raga.