Bencin Mutum Uku

Da asuba nake buɗe shagona a Bilbis,
kafin masu ƙosai su hura wuta.
Ƙofar kwano ta yi kukanta na kullum,
gwiwata ta amsa mata.
Shekara talatin da huɗu muna wannan gaisuwa.

Da can gado nake yi, da ƙyaure, da akwatin tufa.
Mu bakwai ne a nan.
Abarshi na zarto, Nomau na guduma,
Arzika kan shafa katako da tafin hannu
ya nuna maka inda zai tsage bayan damina biyar.
Yau idon Abarshi ya yi hazo,
Nomau na kwance gabas da gari,
Arzika na Abijan yana tallar agogo a tasha,
cikin jikokinsa ba wanda ya taɓa ganin Tawa.

Aiki bai ƙare ba, kada a ɗora wa zamani ƙarya.
Garin nan kullum da suna, kullum da rago.
Inda muka nome gero ina yaro
yanzu lakkwal ce, aji shida na zana.
Darakta ya zo da takarda: benci ɗari da ashirin
kafin yara su dawo hutu.
Na auna kowane na mutum uku.
Ya yi dariya: "Baba, biyar za su zauna,
na shida ya ɗosana a gefe har ya saba da faɗuwa."

To, ina hannuwa?
Samari ashirin kan tsaya bakin shago da hantsi,
ƙarfi kamar su ɗaga motar siminti,
tambayarsu ɗaya: nawa ne yinin?
Na ce koyo shekara uku ne, da tuwon rana.
Sai su dubi juna.
Ilu ya yi mini wata biyu, hannunsa na jin magana.
Ranar da ƙusarsa ta fara shiga a miƙe,
ranar ya ce ya sami mota zuwa Jado.
Ban zage shi ba.
A zamanina haƙuri na da gona a bayansa.
Shi gonar ubansa an raba ta goma sha ɗaya,
rabonsa bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba.
Da wane bakin zan koya masa jira, ga yunwa?

Tsahara ce ke kwashe mana garin katako,
uwarta na hura murhu da shi.
Ta gama koleji, takardarta na cikin leda ƙarƙashin katifa.
Wata Laraba na raba katako gida shida,
na ƙarshe ya gaza da yatsa guda.
Ba ta ko ɗago kai daga tsintsiya ba, ta ce:
"Baba, ka manta da cin zarto."
Na yi shiru. Arzika kaɗai ya taɓa faɗa mini haka.
Na miƙa mata mita.
Mai shayin tsallaken titi ya tsaya da buta a sama,
zance ya kai har ƙofar masallaci.
Magana ba ta buga ƙusa, na bar su da cewa.

Yanzu su uku ne, ta jawo ƙawayenta.
Kuɗi ta waya suke zuwa, ita ke karantawa.
Ta ce a bar gadon da ba mai saye,
a ƙara wa benci taƙi guda,
a ninka ƙafar gefe saboda na shidan nan.
Ban so ba. Na yi. Ta fi ni gaskiya.

Benci tamanin da bakwai ke jingine da bango daren nan,
saura talatin da uku, saura kwana tara.
Na zauna kan ɗaya, ya ɗauke ni bai ce ƙala ba.
Jiya Ilu ya aiko murya daga arewa,
iska ta cinye rabin maganar,
yana tambaya ko gudumarsa na nan.
Na ce tana nan, ɗana,
sai dai ta sami mai riƙewa.