Uku da Ɗigo Huɗu

Kafin in ce bismilla a kan shayi
sai na huda ɗan yatsa.
Ɗigon jini guda, bai kai ƙwayar dawa ba,
na miƙa wa na'ura ta yanke min hukunci.
Yau ta ce tara. Jiya ta ce sha uku,
don ta san na ƙara malmala a gidan Barau.
Matata ba ta gani ba. Ita ta gani.

Shekara goma sha ɗaya ina gadin dare
a wani sito a Sheffield,
ido a kan talabijin takwas da ba sa nuna komai,
biskit a aljihu, suga cokali huɗu a kofi.
Ciwon bai yi sallama ba.
Ƙishirwa ya fara aikowa,
sai fitsari sau shida kafin asuba,
sai wando ya soma yi min yawa.

Nas Moira ta zana min faranti a bayan takarda:
rabi ganye, kwata kifi,
kwatan da ya rage, ta ce, nan ne tuwonka.
Na daɗe ina duban kwatan nan.
Ko yaron da aka yaye jiya zai raina shi.

Insulin na zaune a ƙofar firji
tsakanin ƙwai da kwalbar yaji.
Fatar cikina ta zama gona,
ina juya shuka, yau hagu, gobe dama,
kada ƙasa ta gaji.

Yayata Lantana ta aiko daga Funtuwa:
garin zogale, hulba, kirfa,
da saƙon murya na minti tara,
wai wani a Bakori ya sha wata uku ya yar da allura.
Na kai wa Moira ƙullin.
Ta shinshina, ta yi atishawa,
ta ce zuba a miya in kana so,
amma allura tana nan daram.
Ta haɗa ni da ƙwayar bitamin D,
tunda rana a garin nan baƙuwa ce,
ta leƙo, ta gaisa a tsaye, ta wuce.

Sai tafiya.
Garin ba shi da shimfiɗa, duk tudu ne.
Kowace yamma nakan hau Burngreave da lema,
gwiwa na ƙorafi, ina ba ta haƙuri,
ina ƙirga fitilun titi maimakon carbi.

Ranar wata Laraba na yi allura,
abinci bai nuna ba, na ce bari in taka in dawo.
A fitila ta ashirin da shida
hannuna ya kama rawa ba kiɗa.
Gumi cikin sanyin Janairu.
Titi ya karkace, sunan 'yata ya ɓace min.
Na jingina da gilashin wani kanti.
Na'ura ta ce uku da ɗigo huɗu.

Mai kantin, dattijo Bayamane,
bai tambaye ni ko ni wane ne ba.
Ya zaunar da ni a kan buhun shinkafa,
ya ɓalle lemon kwali ya kafa min a baki,
ya biyo da dabino uku.
Abin da na yi wata bakwai ina gudu
shi ya riƙo ni ya dawo da ni.
Na fito da kuɗi, ya ture hannuna,
ya ɗaga rigarsa ya nuna min cikinsa.
Gonarsa ta fi tawa tsufa.

Moira ta rage min awo biyu,
ta yi min faɗa kamar uwa, da biro a hannu.

Yanzu dabino uku na kwana a aljihun kwat ɗina.
Ba na ci. Ina dai taɓa su
in na wuce fitila ta ashirin da shida,
in ɗaga wa dattijon lema,
shi kuma ya ɗaga min yatsu ta gilashi:
yau bakwai.
Ni takwas, amma ban gama hawa ba.