Takarda a Ƙarƙashin Dutsen Sikeli

Ran da ta zo, inji na ta kuka,
ƙaiƙayi ya toshe min hanci,
buhu saba'in na jiran casa.
Yaron ofis ya miƙo takarda,
na danne ta da dutsen sikeli
kada iskar gulbin Argungu ta kwashe.
Iska ba ta taɓa ta ba. Ni na kasa lura.

Hantsi ta ce, Arzika, ka karanta?
Na ce gobe.
Gobe ta zo da bel a tsinke,
jibi baƙin mai ya hau,
gata ina Kamba biɗar shanshera.
Maris ya wuce kamar kwalekwalen asuba,
ni ina can ina ƙirgen ribar bara.

Ban ce ba zan biya ba, ku shaida.
Fom ne, shafi huɗu:
nawa ya shigo, nawa ya fita, sa hannu nan.
Sai dai lissafina rabi a kwalin sukari,
rabi a bango da gawayi,
sauran a kan Nomau, ya koma Yawuri,
wayarsa kullum sai dai ta ce jira.

Damina ta faɗi, ta biyu ta iso
da jan hatimi a goshi.
Na hau mota Birnin Kebbi,
hula a karkace, baki cike da hujja.
Malam Tunau bai ɗaga murya ba.
Ya jawo kujera, ya ce zauna,
ya juyo min fuskar kwamfuta.
Wannan harajin ne, ya ce, ka ga bai da yawa.
Wannan na watan farko da ka makara.
Wannan na biyu, na uku, na huɗu.
Wannan ruwa ne da ya hau kansu.
Na ce, Malam, akuyar Hantsi ce, biyu-biyu take haihuwa?
Ya ce, a'a, sunanta tara.

'Ya ta fi uwa tsawo.
Na roƙa, na ambaci bel da baƙin mai.
Ya ce, da ka kawo fom ko aljihu babu kome
da muna da abin gyara.

Cikin makon makarantar kwana
ta nemi buhu ɗari uku.
Sun ɗanɗana tawa, sun yaba,
suka ce ina shaidar biyan haraji?
Cindo ya samu. Cindo!
Wanda injinsa ke karya shinkafa kamar tsaki.
Na tsaya bakin titi ina kallo
ana loda masa a tirela, ana ƙara.

Sannan kwaɗo. Ba nawa ba.
Kwana goma sha ɗaya ƙofa a garƙame,
yarana shida a gindin darbejiya,
ba casa, ba dusa, ba na cefane,
sai buga dara.

A jikin ƙofar akwai allo,
ni na rubuta shi da fenti shuɗi:
BUHUN DA YA WUCE KWANA UKU, KUƊIN AJIYA.
Tsohuwa Ige, da na taɓa cire wa mudu biyu
don ta makara kwana ɗaya,
ta zo wucewa da ƙwaryar nono.
Ta dubi kwaɗo, ta dube ni,
ta ce, kai ma an cire maka mudun?
Ba ta yi dariya ba.
Da ta yi, da gara.

Babur ya tafi, da ɗan maraƙin layya.
Na biya, aka ba ni rasit mai ɗumi,
na ninke shi huɗu cikin hula.
Dutse ya koma kan sikeli.
'Yata Kulu ke riƙe littafi yanzu,
kowace Alhamis tana tsare ni da biro.
Allon nan kuwa ban cire ba tukuna,
na dai mai da ukun bakwai.
Hantsi ta ce saura.