Mai Gadin Tuli

Jika uku kamiyo guda,
haka Alhaji Arzika ke biya.
Yana gina gidan sama a Tawa,
tushe na son baƙin dutse.
Ga tuli bayan garinmu, an riga an tara,
muka ce banza ta faɗi.

Kwana na uku, da hantsi,
ƙarfen Nomau ya zurma cikin wofi.
Muka ɗaga falalen dutse.
Ɗaki ne, bai kai rumbun tsaba ba,
ciki mutum kwance bisa haƙarƙari,
gwiwa a ƙirji, hannu ƙarƙashin kunci,
kamar wanda sanyin asuba ya tarar ba mayafi.
Duwatsun wuya bakwai, jajaye,
da tukunya mai zanen farce a baki.

Nomau ya yar da ƙarfe ya ruga.
Ni ƙafa ta ƙi.
Na ƙirga haƙoransa, sun fi nawa.

Mutanen Yamai suka zo da awo da buroshi.
Malama Zalika ta ce tun ba a san ƙira ba aka kwantar da shi,
lokacin da kwarin nan ke cike da ruwa.
Na yi dariya: gaba arba'in muke haƙa kafin mu ga laima.
Ta buɗe tafinta, ga ƙayar kifi.

Suka rufe, suka kafa allo,
suka ba ni hula da takarda mai hatimi.
Albashin kuwa ruwan Adar ne,
wata shekara ya zo.

Yanzu awaki ke susa a jikin allon,
rana ta lashe rabin haruffa.
Direbobi kan zo da dare, fitilu a kashe,
sai su ji tarina.
Alhaji ya aiko da goro sau biyu, na ci goron.
Na ce da liman: fuskarsa ba ta duban alƙibla.
Ya daɗe yana jan carbi,
ya ce Allah ya san bayinsa.

Kamiyo goma sha ɗaya muka kwasa.
Ba zan tone gidan Alhaji ba.
Amma kowane marece
nakan ɗauko ɗaya daga kwari, bisa gammo,
in hau tudu ina haki, in aza.
Wuyana ne ya gaya mini abin da ba ya cikin takarda:
wanda aka yi wa wannan dako,
ba ƙinsa aka yi ba.