Koma

Ranar Talata, ƙarfe huɗu,
nakan hau tudun nan na Valparaíso
da ƙarnin kifi a wuyan rigata.
Matakala ɗari da sittin da biyu, na ƙirga,
don ƙirga ta fi tunani sauƙi.

Likitan ƙashi ne ya turo ni.
Ya ce bangon da na nausa bai yi mini laifin komai ba.
Ya ɗaure yatsu uku, ya rubuta suna a takarda:
Ximena, hawa na biyu, ƙofa mai ruwan toka.

Ta ce, Eliseo, yaya kake ji?
Na ce lafiya lau.
Ta ce, a ina kake jin lafiyar?
Na dubi taga.
Ga kwalin takardar share hawaye a kan tebur,
an ajiye shi daidai gabana
kamar an riga an yanke mini hukunci.
Na ture shi da bayan hannu.

Ubana ya koya mini ƙullin igiya iri tara,
bai koya mini sunan abin da ke tokare maƙogwaro ba.
A bakin ruwanmu namiji haɗiyewa yake yi.
Ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba, in ji su,
sai muka mai da shi rumbu,
muna barbaɗa wa komai gishiri don kada ya yi wari.

Mako uku ina ba ta labarin farashin kifi.
A na huɗu na gyara mata sakatar taga.
Ba ta hana ni ba.
Ta ce, hannunka ya fi bakinka magana,
in za ka dawo, zo da aikin da ka bari.

Sai na zo da koma,
ita kaɗai teku ya mayar mana a watan Yuni.
Na shimfiɗa ta daga gwiwata har ƙafar kujerarta.
Ido a kan zare, ba a kan mutum ba,
a nan magana ta sami ƙofa.

Na ce, ta Nicanor ce.
Ya girme ni da wata goma sha huɗu,
yana gatsar ɗanyar albasa kamar tuffa,
har yau ina bin sa kuɗin takalmi.
Na ce, daren da ruwa ya haukace
ni ne da fita, na ce kaina na ciwo.
Kaina ba ya ciwo.
Wata yarinya nake jira a dandali.

Ba ta ce ba laifinka ba ne.
Da ta faɗa, da na tashi.
Ta dai riƙe mini ɗaya gefen komar
don ƙullin ya zauna.

Ban yi kuka a ɗakin ba, kada a yi mini ƙage.
A motar haya ya cim mini, wajen kwanar kasuwa,
tsakanin wata tsohuwa mai jakar lemo da wani ɗan makaranta.
Ya fito da ƙara irin ta ƙyauren da ya yi tsatsa.
Tsohuwar ba ta tambaye ni komai ba,
ta ɓare lemo, ta miƙo mini rabi.

Da dare na tarar da ubana a bakin ƙofa.
Ya ga komar, ya ga idona.
Ya jawo kujera, ya bi ƙullina ɗaya bayan ɗaya,
ya kwance biyu, ya ce sun yi sako-sako.
Can, bai ko ɗago ba,
ya ce, Nicanor ma haka yake ɗaurawa, da hagu.
Wata bakwai rabon sunan da bakinsa.

Saura huji huɗu a komar.
Ina ɗinki a hankali,
ba na so ta ƙare da wuri.