Ɗinkin da Ba Ni Na Yi Ba

Shekara ashirin da shida ina kan keke a Herwagana.
Na san zare ko ido rufe,
na san allurar da za ta karye tun daga kukanta.
Amma sai da Rifkatu mai ba da magani
ta juya bayan katina ta yi zane da biro
na san akwai telan da ya fi ni.

Ta ce, "Bappayo, cikin kowace ƙwayar jikinka
akwai zare mai tufka biyu.
A jikinsa aka rubuta tsayinka da wushiryar nan taka.
Baƙon da ya shiga jininka ya zo da guntun zarensa,
ya kuma zo da mai ɗinka masa."

Ta faɗi sunan, ya yi wa harshena nauyi.
Ta ce, "To kira shi tela."

Shi kaɗai ba ya tsinana komai.
Sai ya nemi ɗan'uwa su zama biyu,
biyu su yafito biyu,
wani sa'in har sha shida,
kamar yaran shagona daren jajibiri,
kowa da inda ya riƙe.
Zaren ke tara su, su kuma su danne shi.

Su kamo bakinsa biyu su haɗa wuri guda,
su datse ƙulli biyu nan, biyu can,
yadda nake gatsa zare kafin in zura.
Sannan su tsaga nawa,
a karkace, tazarar ɗinki biyar,
su cusa nasu.

Ba wannan ya hana ni barci ba.
Cewa ta yi ragowar ɓarakar
jikina ne ke like ta.
Ya ga yagewa, ya ɗauko allura da zuciya ɗaya,
ya ƙarasa wa ɓarawo aikinsa,
har da guga.

Na ce, "Ƙwayar nan fa?"
Ta ce, "Almakashinsu na da ƙusa biyu na ƙarfe.
Kansu take zuwa ta zauna.
Su taru, su riƙe zare, yanka ya gagara."

"Wanda aka riga aka ɗinka fa?"
Ta mayar da murfin biro.
"Wannan ba a iya farke shi tukuna.
Amma ba za a ƙara wani ba, in ba ka yi fashi ba."

Jiya wani dattijo daga Dukku
ya kawo riga, in cire masa tsohon maho.
Na juya ta ciki, na kai ta bakin ƙofa,
na bi ta da ɗan yatsa har la'asar.
Ban gane inda rigar ta ƙare ba,
balle inda mahon ya fara.

Na ce, "Baba, sa abarka haka, tana da sauran kwana."

Bayan lisha na ɗebo ruwa a randa,
na haɗiyi ta yau.