Gardamar Mota Mai Bene

Daren Laraba, jajiberin kasuwar Maigatari,
muna teburin Cindo mai shayi a bakin tasha,
sai Barmo ya zaro wayarsa mai tsagaggen gilashi,
ya ce ku zo ku ga soro yana tafiya bisa taya.
Muka haɗa kai, shayi yana ta hucewa.

Ja ce, doguwa, tagogi sama da ƙasa.
Mutum tamanin, in ji shi, ba mai ɗosana zama,
ba "matsa kaɗan", ba ƙofar da aka ɗaure da igiya,
kowa da kujerarsa ta kishingiɗawa.

Alhaji Nomau, da ya tsufa a kan sitiyarin gingimari,
ya gyara tabarau, ya mayar da wayar.
"Tsayi ba ado ba ne a kan hanya.
Na san kwanar gadar nan kamar yunwar cikina.
In nauyi ya hau sama, gindi ya yi sakayau,
iskar hadari ɗaya ta isa kifarwa."

Talle mai walda bai yarda ba.
Ya tsoma yatsa a ruwan da ya zube kan tebur,
ya zana inji a baya, taya goma,
matakala a tsakiya, ba can ƙurya ba,
don kwandasta ya ga mai hawa da mai zillewa.
"Ku ba ni ƙarfe da wutar kwana bakwai."
Aka ce wace wutar? Aka kece da dariya,
zanen nasa kuma yana ta bushewa.

Iro kwandasta damuwarsa awaki:
"Rufin ya zama ɗaki, to ragon Alhamis fa?
Shi ma tikiti za a yanka masa?"
Kande mai awara ta ɗago daga bakin kasko:
"Da goyo a baya, da ƙwarya a ka,
wa ya auna matakalar da ƙafar mai zane?"
Shiru. Babu mai amsawa.

Malam Haladu ya jima yana juya cokali.
"Surukina a ƙasa, ni a bisa kansa,
takalmina daidai hularsa?
Gara in bi gefen titi ina takawa."

Aka shiga lissafin wayar lantarki da ta lanƙwaso,
da reshen darbejiyar da ke gaban asibiti.
Motar da ba ta zo ba, ba a ce za ta zo ba,
har mun sare mata itace uku kafin watsewa.

Sabi'u mai wanke kofuna bai ce uffan ba.
Da safe sai ga shi janye da motar kara,
hawa biyu, tayun tsohon silifas,
matakalar tsinken tsintsiya a tsakiya.
Ya ja zare, ta zo kwalbati, ta kwanta.
Nomau ya ce, "Ban faɗa ba?"
Yaro ya tsinci tsakuwa uku ya zuba a ƙasanta,
ya sake ja. Ta yi rangaji, ta wuce.
Talle ya ce tasa ce, Nomau ya ce tasa,
har yau ba a gama rabawa.

Sannan tamu ta iso tana tari,
mai cin sha huɗu, muka shige mu ashirin,
akuyar wani a cinyata, gwiwar Barmo a haƙarƙarina.
Na ji motsi a bisa kaina, na leƙa:
samari biyar kan buhunan riɗi, suna cin rake.
Ashe mun daɗe da namu benen,
matakala ce kawai ba a yi mana ba,
ta taga muke hawa.